Ga 'Ya'yana Masu Shirin Tafiya Eswatini

'Ya'yana, na ji kuna shirin zuwa ƙasar Eswatini aikin bishara na 'yan makonni, raina kuwa ya yi fari. Allah Ya yi muku albarka. Tun da kun nemi jin ta bakina kafin ku tashi, ku ba ni kunnuwanku.

Ƙasar ƙarama ce, tana tsakanin Afirka ta Kudu da Mozambik, mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Da Swaziland ake ce mata, sai a 2018 Sarki Mswati na Uku ya sa mata suna Eswatini, shekara 50 bayan samun 'yancinta daga Ingila. Abin da nake so ya fara zama a zuciyarku shi ne, ba a bakinku za su fara jin sunan Yesu ba. Tun 1844 James Allison na ɗarikar Methodist ya isa can bisa gayyatar Sarki Mswati na Biyu, aka kafa mishan a Mahamba. A 1910 Harmon Schmelzenbach na Nazarene ya zauna a Endzingeni, kuma asibitin Raleigh Fitkin da ɗarikarsu ta buɗe a 1927 yana nan a Manzini yana jinyar jama'a. Yau kusan tara cikin goma na mutanen ƙasar Kirista ne, a lokacin Ista har sarki yakan fito taron sujada. Tsohuwar da za ta shimfiɗa muku tabarma, wataƙila ta yi shekaru tana azumi da addu'a tun ba a haifi iyayenku ba. Ku shiga a matsayin ƙanne da suka zo gaida yayyensu.

Za ku ga 'yan ikkilisiyoyin Sihiyona da dogayen riguna, farare da shuɗɗa da koraye, riƙe da sanduna, suna kwana waƙa da addu'ar warkarwa. Sujadarsu za ta yi muku baƙunta. Kada ku yi saurin yanke hukunci a kan abin da kuka gani dare ɗaya. Haka ma bikin Umhlanga na 'yan mata da bikin Incwala na sarki: fastocin ƙasar sun daɗe suna tattauna su a tsakaninsu, kun ga ba ɗan mako biyu ne zai hau bagade ya raba gardamar ba. Siyasa ma ku kama bakinku. An hana jam'iyyu tun 1973, an yi tarzoma a 2021, kuma maganar da kuka saki, mai masaukinku ne zai zauna da ita bayan kun hau jirgi.

Swazawa suna ba da labarin mafarkin Sarki Somhlolo, mahaifin Mswati na Biyu. Ya ga baƙi suna zuwa, a hannu ɗaya littafi, a ɗayan kuma kuɗi, aka gargaɗe shi jama'arsa su karɓi littafin su yi hattara da kuɗin. Ku ma da abubuwan nan biyu za ku isa, ko da guzurinku bai taka kara ya karya ba. Littafin ba ni da fargaba a kansa, kuɗin ne nake jiye muku. Kada ku tsaya a fili kuna raba wa yara alewa da 'yan canji, domin ta haka ake koya wa yaro miƙa hannu in ya ga baƙo. Abin da kuka kawo ku damƙa wa fasto da dattawan ikkilisiya a gaban shaidu, sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. In gini ne, akwai magina a garin da ke neman aiki. Ku biya su, ku kuma ku ɗauko musu ruwa da bulo. Abin da ake samu a kasuwar Manzini, ku saya a can.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, maganar yara. Cutar ƙanjamau ta yi wa ƙasar nan ɓarnar da ba ta misaltuwa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na manya suna ɗauke da ita, kuma kafin magani ya wadata ta kwashe iyaye masu ƙarfi ta bar jikoki a hannun kakanni mata, waɗanda suke kira gogo. A unguwanni akwai wuraren kula da yara inda matan nan suke dafa faten masara da wake a manyan tukwane, yawancinsu ba don albashi ba. Ƙasar ta yi namijin ƙoƙari: a 2020 aka sanar ta cika ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya na gano masu cutar, da ɗora su a kan magani, da danne ƙwayar a jininsu, shekaru kafin wa'adi. Saboda haka kada ku shiga da fuskar jaje. Kada ku tambayi ko wane yaro ne ke da cutar, kada ku ɗauki hoton marayan wani ku sa a Facebook da labarin hawayensa. Da ɗanku ne, ba za ku so ba.

Yaran za su rugo su rungume ku, zuciyarku ta narke. Ku tuna yaron da ya binne uwarsa ya riga ya san zafin rabuwa. In kika goya shi mako biyu, 'yata, ya fara kiranki uwa, sannan kika tafi, wata tawagar ta zo ita ma ta tafi, kin sake buɗe masa tsohon miki ne da hannun ƙauna. Baƙo raɓa ne. Ku yi wasa da su, ku koya musu waƙa, ku koyi tasu, amma ku tsaya a bayan gogo: ku faskara mata itace, ku wanke tukunya, ku yaba mata a gaban yaran, domin ita ce za ta kwana da su ranar zazzaɓi. Alkawarin kuɗin makaranta ko na dawowa baɗi, kada ya fita bakinku sai kun tabbata za ku cika.

Sauran ladabi ne, kun kuwa taso a cikinsa. Ku gaida mai garin kafin ku fara komai. Ku ce sawubona ga mutum ɗaya, sanibonani ga jama'a; dattijo babe, dattijuwa make. In an miƙo muku abu, hannun dama ya karɓa, na hagu yana tallafe da shi. Mata su ɗaura zane ko doguwar siket a ƙauye. In a Yuni ko Yuli za ku, ku riƙi rigar sanyi, lokacin hunturunsu ne, Mbabane kuma kan tudu take. Ku yi ta karɓar gyara a harshen siSwati ba tare da jin kunya ba. Mu nan ba mu manta da Likita Miller na Zariya ba, wanda ya shekara da shekaru a cikinmu yana koyon Hausa, har ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Ku ba ku da shekarun, amma gaisuwa da godiya ba su fi ƙarfinku ba.

Kafin ku baro, ku tambayi faston abin da yake so ku roƙa wa ikkilisiyarsa, ku rubuta yadda ya faɗa. In kun dawo ku karanta shi a gaban jama'a ranar Lahadi, ku tsayar da mutum ɗaya a cikinku da zai riƙa aika masa saƙo kowane wata. Ni ma ku kawo mini kwafi, zumuntar mata da ta maza za su ɗauka su sa a addu'a. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.