Jirgin da Ke Rataye a Ƙarƙashin Dogo

A wuraren shaƙatawa na Amurka da Turai akwai jiragen wasa da ke gudu a kan dogon ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe. Wanda za mu karanta yau a ƙarƙashin dogo yake rataye. Mutum na zaune a kujera, dogo na bisa kansa, ƙafafunsa na reto a iska.

Kamfanin Bolliger & Mabillard na ƙasar Suwizalan ne ya fara ƙera irinsa. An buɗe na farko a 1992, a wurin wasa na Six Flags Great America da ke jihar Illinois. Sunansa Batman: The Ride. Tsayinsa kusan mita 30 ne, gudunsa kilomita 80 a awa, kuma sau 5 yake kifa mutum. Yana ɗaukar mutum 32, hurhuɗu a kowane layi.

Abin da ya fi burge ni, jirgin ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan sa a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko. Da ya kai, sai ta sake shi, nauyinsa ya gangaro da shi. Gudun da ya samu a wannan gangara shi zai kai shi har ƙarshe. Shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsayi.

To me ke hana shi faɗowa? Tayoyinsa iri uku ne. Wasu na bisa dogo, suna ɗauke da nauyi. Wasu na gefe, suna hana shi kaucewa. Wasu na ƙasa, suna hana shi tashi. Sun damƙe ƙarfen ta kowane ɓangare. Shi kuma mahayi, ana sauko masa da wani ƙarfe mai laushin rufi ta kafaɗu, a kulle.

Ka taɓa ganin yaro na wulwula guga da ruwa a ciki, ruwan bai zube ba? Haka gudu ke manne mutum a kujera lokacin da kansa ke ƙasa. Zai ji jikinsa ya yi nauyi ƙwarai, can kuma ya ji sakayau.

A Ingila akwai irin wannan jirgi mai suna Nemesis, da aka buɗe a wurin wasa na Alton Towers a 1994. An hana masu wurin gina abin da ya wuce tsayin itatuwa, sai suka haƙa rami a cikin dutse. Mahayi kan ga kamar ƙafarsa za ta bugi dutsen, alhali an auna tazarar tun kafin gini.

Ba kowa ake bari ya hau ba. Ana auna tsayin yara a ƙofa. Ana gargaɗin mai ciki da mai ciwon zuciya ko na baya su haƙura. Silifa, hula da waya kuwa ajiye su ake yi kafin a zauna.