Darasin Wata: Katin Shaiɗan da Sarƙar da Ba Ta Matse Wuya Ba



Darasinmu na wannan wata daga wata tambaya ya fito. Wata Lahadi bayan Misa, wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa ta tsaya mu a ƙofar coci, ta miƙo wayarta ta ce, "Fada, don Allah a duba mini wannan." A ciki wata mata ce a intanet tana jera katuna a kan tebur, ta zaro ɗaya mai hoton Shaiɗan, ta ce duk wanda wannan saƙo ya iske shi a ɗaure yake. Kwana uku yarinyar ba ta yi barcin kirki ba, mahaifiyarta kuwa har ta fara zancen a nemi boka ya kwance ta. Da yake ba ita kaɗai take ganin irin waɗannan abubuwa ba, mun ga ya dace mu yi nazarin katin tare, gama abin da mutum ya san asalinsa ba ya cika firgita shi.

Daga ina katunan suka fito?

Sunansu tarot. Guda 78 ne, 22 daga cikinsu manya ne masu hotuna na musamman, katin Shaiɗan kuwa shi ne na 15. An fara yin su a arewacin Italiya wajen shekara ta 1440, a birane irin su Milan, domin sarakuna da fadawa su yi wasan karta. Fiye da shekara ɗari uku abin wasa ne. Sai a 1781 wani marubuci a Faransa, Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa asirin firistocin tsohuwar Masar ne aka ɓoye a ciki. Ba shi da hujja ko ɗaya, domin a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Masarawan dā. Sai a 1822 Champollion ya warware shi, ba a kuwa sami zancen katuna a ciki ba. Amma ƙaryar ta riga ta yi kasuwa, masu duba suka karɓe ta.

Katunan da aka fi gani a yau an buga su a Landan a 1909. Arthur Waite ne ya tsara su, Pamela Colman Smith ta zana. Siffar Shaiɗan da ke ciki an aro ta daga wani zane na Éliphas Lévi, Bafaranshen da ya yi karatun firistanci har ya zama dikin, sa'an nan ya kauce ya shiga sha'anin tsafi. Ita mai zanen kuwa ta shiga Ikkilisiyar Katolika a 1911. Ashe dai takarda ce da tawada, aikin hannun mutane da muka san sunayensu da shekarunsu.

Abin da aka zana

Bayan hoton baƙi ƙirin ne. A tsakiya ga wata halitta mai ƙahon akuya da fikafikan jemage, da tauraro mai tsini biyar a juye a bisa goshinta. Ta ɗaga hannun dama kamar mai sa albarka, a hagu kuwa tana riƙe da wuta da aka juya kanta ƙasa. Ta tsuguna a kan wani dutse mai zobe, daga zoben kuma sarƙa ta fito ta kewaye wuyan namiji da mace waɗanda ke tsaye tsirara. Su ma ƙananan ƙahoni sun fara tsiro musu, da wutsiya: ta macen ta ƙare da 'ya'yan inabi, ta namijin da harshen wuta. Kati na 6 yana nuna waɗannan mutane biyu a gonar Aidan, mala'ika yana bisansu. A na 15 Shaiɗan ya zauna a mazaunin mala'ikan.

Masu duba sukan fassara katin da jaraba, da sha'awar jiki, da son abin duniya, da ɗabi'ar da ta fi ƙarfin mai ita. In ya fito a kife sai su ce alamar kuɓuta ce. Amma abin da ya fi cancantar lura shi ne wannan: sarƙar ba ta matse wuyansu ba. Tana da faɗin da za su iya zare ta ta kai, hannuwansu kuma a sake suke. Duk da haka suna tsaye.

Gaskiyar da ke cikin hoton

Kada mu yi mamaki in mun sami gaskiya a nan, domin daga koyarwar Kirista aka ɗebo ta. Manzo Yakubu a sura ta 1 ya nuna mana cewa muguwar sha'awar mutum ce take jan sa, ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma ya girma ya haifi mutuwa. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ya ba da labarin kansa a kashi na 8 na littafin iƙirarinsa. Ya kwatanta halinsa da sarƙa mai zobba huɗu: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama dole. Iyayenmu sun taƙaita wannan duka da suka ce sabo turken wawa. Dutsen nan mai zobe turke ne.

Mun san wannan sarƙa a gidajenmu. Magidancin da ya fara da ƙwarya ɗaya ta burukutu ran kasuwa, yau albashinsa ba ya kaiwa gida. Saurayin da ya sa naira ɗari a cacar ƙwallo cikin wayarsa don nishaɗi, yau kuɗin makarantarsa sun tafi, yana kuma cin bashi don ya rama. Matar da ta yi shekara goma ba ta gaisa da facalarta ba, har ta saba da ɗacin zuciya kamar tufafi. Ba wanda ya ja su da ƙarfi a ranar farko. Ƙahonin da suka tsiro wa mutanen hoton ma darasi ne: wanda ya daɗe a turken wani, a hankali kamanninsa yake ɗauka.

Inda hoton ya ɓatar da mu

Kuskure na fari shi ne girman da ya ba Shaiɗan. Ya cika katin, ya zauna kamar sarki a gadonsa. Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215 ta koyar cewa Allah ya halicce shi nagari, shi ne ya lalata kansa da zaɓinsa. Halitta ne, ba kishiyar Allah ba ne, ikonsa yana da iyaka, kamar yadda Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana a sakin layi na 395. Yana iya yaudara, ba ya iya tilasta wa nufinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Don haka mu daina cewa "aikin Shaiɗan ne" a kan abin da muka ƙulla da hannunmu.

Kuskure na biyu shi ne shirun da ya yi a kan Mai Ceto. Masu duba sukan ce tun da sarƙar sako-sako ce, mutum ya zare ta da kansa. Da haka abin yake, da ba mashayin da zai yi rantsuwa sau goma ya koma. Manzo Bulus da kansa, a Romawa sura ta 7, ya koka cewa nagartar da yake so takan kuɓuce masa, muguntar da yake ƙi kuwa ita yake aikatawa. Ra'ayin cewa mutum zai iya tsarkake kansa ba tare da alherin Allah ba tsohuwar koyarwar Pelagiyus ce, wadda majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta ƙi a shekara ta 418. Agustin bai kuɓuta ba sai da alheri ya taɓa shi, aka yi masa baftisma a Milan a 387, a hannun Waliyyi Ambros.

Kuskure na uku shi ne mafi haɗari: mai da hoto abin duba. Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta haramta duba da sihiri, Katikisim kuma a sakin layi na 2116 ya umarce mu mu ƙi kowane irin duba. Ko da kati ne, ko bugun ƙasa, ko wuri, ko karanta tafin hannu, hukuncin ɗaya ne, domin gobe ta Allah ce. Wanda ya je wurin mai duba don a kwance shi, sabon zobe ya ƙara wa sarƙarsa: yau tsoro ya kai shi, gobe ba zai iya yanke shawara ba sai an duba masa. Mu tuna da baiwar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni sura ta 16, wadda iyayengijinta ke cin riba da dubanta. Mai faɗa wa mutane gobensu ita kanta baiwa ce, sai da sunan Yesu ta sami 'yanci daga ruhun. A wannan sura kuma aka jefa Bulus da Sila a kurkuku, suna addu'a da waƙa da tsakar dare, sai sarƙoƙin dukan ɗaurarru suka kwance.

Abin da za mu yi

Ga abin da muka faɗa wa yarinyar nan: "'Yata, matar da ba ta san sunanki ba, ba ta san rayuwarki ba. An riga an sa miki hatimin Kristi ran baftismarki. Share wannan hoto, ki je ki yi barci." Mahaifiyarta ma mun gana da ita, zancen boka ya mutu.

Gare mu duka kuwa, bari kowa ya kira sarƙarsa da sunanta a gaban Allah, ya kawo ta wurin Sakramentin Tuba, ba sau ɗaya kawai ba. Ya nisanci turken: hanyar gidan giya, ko lambar wayar nan, ko abokin caca. Ya faɗa wa mutum guda amintacce, Fada ko Katikis ko uban baftisma, gama abin da aka ɓoye shi yake ƙara ƙarfi. Wanda ƙwaya ko giya ta riga ta kama jikinsa, ya je asibiti ba tare da kunya ba, domin likita ma hannun jinƙan Allah ne. Sa'ad da kuma muka tsaya a daren Ista da kyandir a hannu muna sabunta alkawaran baftismarmu, mu san abin da muke ƙi da kuma wanda muke bi.

Tambayoyi don tarurrukan zumunta

1. Wane sabo ne ya fi ɗaure mutanen unguwarmu, ta yaya kuma yake farawa?
2. Me ya sa Kirista da ya san gaskiya yake zuwa wurin mai duba a ɓoye?
3. Ta yaya za mu taimaki ɗan'uwan da ya sāke faɗuwa ba tare da mun kunyata shi ba?

Ubangiji Yesu, wanda ya ci nasara a kan mai jaraba a jeji, ya kwance mu daga kowane ɗauri, ya kuma riƙe mu cikin 'yancin 'ya'yan Allah. Amin.