Hanyoyi Biyu na Horon Dabba da Ɗan Adam

A ƙasar Boɗinga da Shagari, kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal, manoma da yawa sun dogara ga shanun huɗa. Sa ɗaya dukiya ce babba, in kuwa horonsa ya ɓaci, damina ta ɓaci. Saboda haka ya kamata a san yadda dabba ta ke koyo. Masana sun gano hanyoyi biyu.

Ta fari ita ce koyo ta sabo da alama. Wani masani na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya rasu a 1936, shi ya bayyana ta. Ya kan sa kare ya ji wata ƙara, sa'an nan ya ba shi abinci. Da aka yi haka sau da yawa, sai ƙarar kaɗai ta riƙa sa miyan karen zuba. Da aka yi ta maimaita ƙarar ba abinci, sai miyan ya daina. Watau dabba ta kan haɗa abu biyu da suka saba zuwa tare. Hausawa sun riga sun san wannan, shi ya sa su ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka san da a ke duka duk sa'ad da aka ɗora masa karkiya, ganin karkiyar kawai ya isa ya firgita shi.

Ta biyu ita ce koyo ta sakamako. B. F. Skinner na Amurka ya yi bayaninta a littafinsa na 1938. Ya sa ɓera cikin akwati mai ɗan ƙarfe. In ɓeran ya danna ƙarfen, sai abinci ya faɗo, nan da nan ya koyi dannawa. Aikin da lada ya biyo bayansa ya kan yawaita. Duka kuwa ya kan tsai da aiki na ɗan lokaci, amma ba ya nuna abin da a ke so a yi.

To, manomi mai dabara ya kan bi mataki mataki. Ya sabar wa shanunsa da karkiya tukuna, sa'an nan jan gungume, daga baya garma. Duk matakin da suka yi daidai, ya ba su dusa ko harawa nan take, gama ladan da ya makara ba ya koyar da kome.

Haka abin ya ke a makaranta. Yaron da bulala ke tarye shi kullum ya kan haɗa allo da tsoro, har ya guji karatu. Wanda aka yaba wa sa'ad da ya yi ƙoƙari kuwa, gobe sai ya ƙara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma da lallashi, don kada ya karye.