'Yar Ƙwalbar da ke Firizarmu

A firizar ɗakin gwajin jini inda nake aiki akwai wata 'yar ƙwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. In ka ɗaga ta sai ka rantse babu komai a ciki, ɗan farin gari ne kawai manne a gindinta. Sunansa turombofoyetin. Duk ranar da aka ɗauke wuta, ita nake fara tunawa.

Kwaikwayon wani sinadari ne da hantar ɗan Adam ke haɗawa. Shi ke umartar ɓargo ya samar da filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su tsayar da jini. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini, kuma ba sa wuce kwana goma a raye, don haka ɓargo ba ya hutu. Abin da har yau ke burge ni shi ne, filatilet ɗin da kansu suke tsotse sinadarin daga jini. In sun yi yawa ya ragu, ɓargo ya sassauta. In sun ragu ya taru, ɓargo ya zage damtse.

Tun 1958 masana suka raɗa masa suna, amma ɗan abin da ke yawo a jini bai kai a kama ba. Sai a 1994 ƙungiyoyin bincike da dama, ciki har da ta Kenneth Kaushansky a Amurka, suka gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarinsa. Yanzu ana dasa ta cikin ƙwayoyin halittar da ake kiwo a ɗakin gwaji, su riƙa fitar da shi ana tacewa.

Da garin nan muke gwada sinadarin da ke jinin majinyaci, kamar yadda mai awo ke dogara da mudu. Mutum biyu na iya zuwa da haɓo da jinin dasashi, filatilet ɗinsu duk sun faɗi. Wanda ɓargonsa ya gaza, sinadarin ya yi ambaliya a jininsa. Wanda garkuwar jikinsa ce ke cinye ƙwayoyin, nasa bai cika nisa da na mai lafiya ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

An taɓa yin tuntuɓe wajen mai da sinadarin magani. Wani samfurin farko da aka yi wa mutane allurarsa ya sa garkuwar wasunsu ta juya wa nasu sinadarin baya, filatilet suka zube, aka dakatar da gwajin a 1998. Sai a 2008 Amurka ta amince da magungunan romiplostim da eltrombopag, masu yin aikinsa ba tare da kama da shi ba.

Abin da ke damuna, da zarar na miƙa sakamako sai dangi su ce, "Malam, ƙarancin jini ne ko?" su nufi kemis neman maganin ƙarin jini. Wannan maganin jajayen ƙwayoyi yake ginawa, ba filatilet ba. A nan wajenmu zazzaɓin cizon sauro ne ya fi yawan kayar da filatilet, kuma sukan dawo in an yi maganinsa. Ciwon hanta ma yana kayar da su. Wanda ke yawan haɓo, ko yake ganin ɗigo-ɗigon ja a ƙafafunsa, don Allah kada ya sha asfirin, domin tana raunana 'yan filatilet ɗin da suka rage. Ya kai takardar ga likita, a duba jininsa a madubin gwaji tukuna.