Idan Mai Ciwon Karkarwa Ya Rikice Dare Ɗaya

Ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson, ba ya gaggawa. Shekaru yake ɗauka yana cin mutum a hankali: hannu na rawa, ƙafa ta yi nauyi, murya ta yi ƙasa. Saboda haka duk ranar da aka ga mai wannan ciwo ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, ya kasa tashi, yana sambatu, yana ganin abin da babu, kada dangi su ce ai ciwon ne ya tsananta, balle a ɗora wa iska. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga jiki.

Ƙofar da ta fi shigowa ita ce maƙogwaro. Ciwon yana raunana haɗiya, sai ruwa ko lomar tuwo ko ma yawu ya kauce ya faɗa huhu, ya haddasa nimoniya, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. Sai kuma mafitsara, domin fitsari ba ya fita duka, ragowar ta kwanta ƙwayoyi su hayayyafa.

Gata bai hana ba. Paparoma John Paul na biyu ya daɗe da ciwon, amma cutar mafitsara ce ta bazu cikin jininsa, ya mutu ranar 2 ga Afrilu, 2005. Shi kuwa Muhammad Ali, zakaran damben duniya, tun 1984 aka gano yana da shi. Matsalar numfashi ta kwantar da shi a asibiti a Arizona, cuta ta game jini, ya rasu ranar 3 ga Yuni, 2016.

Abin da ke yaudarar masu jinya shi ne, tsoho kan ɗauki cuta jikinsa bai yi zafi ba. A lura da tari wajen cin abinci, da ruwan da ke sarƙe shi, da barcin da ya wuce ƙa'ida. Da zarar an ga haka, sai asibiti a ranar.

A tafi da maganinsa, musamman levodopa, a faɗa wa likita sa'o'in da yake sha. Yanke shi farat ɗaya kan sa jiki ya sandare, zazzaɓi ya hau, har ta kai ga halaka. A kuma tunasar da ma'aikata cewa maganin amai metoclopramide da na kwantar da hankali haloperidol suna ƙara dagula ciwon.