Motar Lantarki a Gashuwa: Ina Zan Yi Caji?

Tambaya: Malam, na sayar da motata mai fetur na sayi ta lantarki. Na huta da kuɗin mai, amma caji na damuna. Ina mafita? Mai karatu, Gashuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Zuwa Nguru da dawowa ba matsala in batirin ya cika. Damaturu kuwa, kada ka kama hanya sai ka san inda za ka yi caji a can. Zafinmu na Afrilu yana gajiyar da batir, don haka ajiye motar a inuwa, ka riƙa tsayar da caji a kashi 80. In da hali, girka sola a gida. Kada ka bar bakaniken da bai san ta ba ya taɓa wayoyinta masu launin ruwan lemo, wutarsu tana kisa.