Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Rabon Karta a Wasan Poka?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jihar Texas ta Amurka. Abokan zamana kan yi wasan karta da ake kira poka duk daren Asabar, da ƙwandalolin roba, ba kuɗi a ciki. Sun ce in riƙa raba musu kartar tunda ba na cikin wasan. Sau biyu ina yi, sau biyu ana tashi da musu, musamman in ƙwandalolin wani suka ƙare. Don Allah a yi min bayanin yadda ake yi. Daga wani mai karatu a Amurka.

AMSA: Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka sauka a gidan wasan, domin a Amurka poka ta girma tun farkon ƙarni na 19, a birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Mississippi. Nau'in da ya fi yaɗuwa yau kuma sunan jiharku yake ɗauke da shi, wato Texas Hold'em, wanda da shi ake fitar da zakaran babbar gasar duniya da aka fara a Las Vegas a 1970. A kansa zan yi maka bayani.

Kafin komai ka riƙe wannan: mai rabo alƙali ne, kuma abin da aka danƙa masa amana ne. Musu yana tashi ne idan hannunsa ya yi abin da idon mutane bai gani ba, ko ya yi yau daban gobe daban. Maganinsa ka yi komai a fili, a tsari ɗaya, kowane zagaye.

Fara da ƙirga kartar, ka tabbatar 52 ce cif. Sannan ka cakuɗa ta a kan tebur, fuskarta ƙasa, kada ka ɗaga ta sama inda na gefe zai leƙo. Kada ka raina cakuɗawa. A 1992 masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna cewa sai an raba kartar biyu an saƙa ta cikin juna kamar sau 7 kafin ta gaurayu sosai. In ka gama, ka ba na damanka ya yanka, ka sa wani kati marar amfani a ƙasan tarin don kada a ga kartar ƙarshe.

Akwai wata alama mai kama da marfin kwalba da ke nuna wanda ake lissafi daga kansa. Bayan kowane zagaye ana matsar da ita kujera ɗaya zuwa hagu, ko da kai kaɗai kake rabo duk daren. Mutum biyun da ke hagun alamar su ne ke yin zubin dole tun ba su ga kartarsu ba: na farko ƙaramin zubi, na biyu babban zubi, wanda yawanci ninkin ƙaramin ne. Kada ka raba ko kati ɗaya sai ka ga zubin nan a tebur.

Rabo yana farawa daga hagun alamar, ya bi yadda hannun agogo ke tafiya. Kati ɗai-ɗai za ka bayar, ka zagaya sau biyu, kowa ya sami biyu a kife. Bayan an yi zubi, sai ka cire katin sama ka ajiye gefe a kife, wannan shi ake kira ƙona kati, sannan ka baje uku a tsakiya. A sake zubi, ka ƙona ɗaya ka buɗe na huɗu. A sake, ka ƙona ɗaya ka buɗe na biyar. Dalilin ƙonawar shi ne, in bayan katin sama yana da tabo ko lanƙwasa, wani ya daɗe yana kallonsa ya gane shi. Idan kuma kati ya buɗe da kuskure a tsakiyar rabo, ka ci gaba, a ƙarshe ka musanya wa mai shi, katin da ya buɗe ya zama na ƙonawa. Amma in na farko ko na biyu ne ya buɗe, tattara ka sake.

Yanzu ga inda rigimarku take, wato tarin tsakiya. Doka ta farko, kada kowa ya watsa ƙwandalolinsa cikin tarin. Kowa ya ajiye zubinsa a gabansa, sai ka ga na kowa ya yi daidai sannan ka janyo su tsakiya. Ta biyu, magana ita ce hukunci: wanda ya ce ya ƙara, ya ƙara. Wanda bai yi magana ba, abin da ya tura karo ɗaya shi ne zubinsa, ba ya komawa ya ɗebo ƙari bayan ya karanci fuskokin mutane.

Idan ƙwandalolin wani suka ƙare, ƙa'idar ɗaya ce: mutum ba ya cin fiye da abin da ya zuba daga hannun kowane abokin wasa. A ce mutum uku ne suka rage. Na farko 30 kawai gare shi, ya zuba duka. Na biyu da na uku kowa ya zuba 100. Sai ka ɗebi 30 daga kowannensu, ka haɗa da abin da ke tsakiya tun farko, wannan shi ne babban tari, sabon zubinsa 90, kuma duk ukun suna da haƙƙi a ciki. Ragowar 70 da 70, wato 140, ka ware shi gefe, na mutum biyun nan ne kaɗai. Ka faɗi adadin da babbar murya, ka faɗi masu shi. In an zo buɗe karta, fara yanke hukuncin tarin gefe, sannan babban tari. Ko na farko ya fi kowa karta, 140 ɗin nan ba nasa ba ne. Idan kuma wani ya zuba abin da babu wanda ya biya daidai da shi, mayar masa da rarar nan take.

A ƙarshen zagaye karta ce ke magana, ba bakin mai ita ba. Kowa yana haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai: biyu na hannunsa da biyar na tsakiya. Kwashe kartar waɗanda suka faɗi, tura tari ga wanda ya ci, sannan ka karɓi tasa. In an yi kunnen doki a raba daidai, ƙwandalar da ta yi saura ta tafi ga wanda ya fi kusa da hagun alamar. Ranar Asabar, kafin a zauna, ka karanta musu waɗannan ƙa'idoji kowa ya amince, domin rigakafi ya fi magani.

Saura magana ɗaya da ba zan ɓoye maka ba. Poka wasa ce da aka gina a kan zubi, kuma tsakanin ƙwandalar roba da dala taki ɗaya ne. Wata rana wani zai ce a sa dala biyar-biyar don wasa ya yi armashi. Daga wannan lokacin ta zama caca, wadda aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka haramta, suka kuma bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya. Mai rabo ba zai ce ba ruwansa ba, tunda da hannunsa ake yi. Ko kartar da ba kuɗi ma malamai sun yi saɓani a kanta, don haka ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi, kuma kada ka bari ta ci maka lokacin salla ko na karatu. Ranar da ka ga kuɗi ya hau teburin nan, ɗan'uwa, ajiye kartar ka yi musu sallama.